Su Wa Suka Rubuta Wasiƙu 99 na Tarangambadi?

A shekarar 1714, a birnin Halle na ƙasar Jamus, an buga wasu wasiƙu 55 da aka ce mutanen kudancin Indiya ne suka rubuto wa wasu 'yan mishan biyu. Bayan shekara uku aka ƙara buga 44, suka cika 99. Duk wanda ya buɗe su zai tarar kusan zubinsu ɗaya. Wasiƙa za ta fara da kwanan wata bisa lissafin Tamilawa, inda kowace shekara ke da sunanta a cikin zagayen shekaru 60. Da yawa daga cikinsu sun faɗo ne a shekarar da ake kira Nandana, wadda ta kama daga Afrilun 1712 zuwa Afrilun 1713. Daga nan sai gaisuwa ga malaman coci, sai amsar tambayar da aka yi, sai sallama. Amma a gurbin da sunan mai wasiƙa ya kamata ya fito, ba a ga suna. Harafin N ne kawai, alamar da marubutan Turai na wancan zamani ke sawa in suna nufin "wane".

Wannan harafi ɗaya shi ya hana ni sakat tun da na fara bin tarihin mishan ɗin Furotesta na farko a ƙasar Tamil. Turawa sun karɓi wasiƙun hannu bibbiyu, har aka juya kashin farko zuwa Turanci aka buga a Landan a 1717. Kafin wannan lokaci abin da mai karatu a Turai ya saba ji game da addinin Hindu labarin matafiya ne da fatake da limaman Katolika. Ga shi yanzu an ce masa masu addinin ne da kansu ke magana. To, amma bakin wa yake ji? Mutum 99 ne, ko goma, ko ɗaya? Ko kuwa babu Batamile ko guda a bayan takardun?

Sai mun san wurin da mutanen kafin mu auna amsoshin. Tarangambadi, wanda Turawa suka kira Tranquebar, ƙaramin gari ne a bakin tekun gabashin Indiya. A 1620 'yan kasuwar Denmak suka karɓe shi haya daga hannun Raghunatha Nayak, sarkin Tanjabur, suka gina ganuwar Dansborg a gaɓar ruwa, suna biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. Ciniki ya kawo su, shi suka sa a gaba shekara da shekaru. Ranar 9 ga Yuli 1706 wasu samari Jamusawa biyu suka sauka a garin: Bartholomäus Ziegenbalg, wanda saura kwana ɗaya ya cika shekara 24, da Heinrich Plütschau. Sarkin Denmak Frederick na huɗu ne ya aiko su, amma almajiran August Hermann Francke ne, babban malamin Halle, kuma a can zuciyarsu take. Kamfanin ciniki bai yi maraba da su ba. Dangantaka tsakaninsu da kwamandan garin, Johan Sigismund Hassius, ta yi tsamin da a Nuwamban 1708 ya jefa Ziegenbalg kurkukun Dansborg, bai sake shi ba sai Maris na 1709. A lura kuma, Turawan lokacin suna kiran Tamilawa da harshensu "Malabar", alhali Malabar yana can gaɓar yamma. Shi ya sa aka san wasiƙun nan da sunan Wasiƙun Malabar, sunan da tun daga tushe kuskure ne.

Yadda Ziegenbalg ya koyi Tamilanci yana da muhimmanci ga bincikenmu, domin a nan ne fuskokin da muke nema suka fara leƙowa. Shi da abokinsa sun lallashi wani tsohon malamin makarantar yara, mai kimanin shekara 70, ya dawo da makarantarsa gidansu. Suka zauna a ƙasa cikin yara, malam ya faɗi harafi, yara su amsa, kowa ya zana shi da yatsa a cikin rairayi, ya shafe da tafin hannu, ya sake. Da haka suka iya baƙaƙe da furuci, amma ba su san ma'anar abin da suke furtawa ba, domin tsohon ba ya jin harshen Fotugal, wanda shi ne harshen hulɗa a tashoshin jiragen ruwa na lokacin. Wanda ya cike wannan giɓi wani mutum ne da suke rubuta sunansa Aleppa, tsohon tafintan kamfanin Denmak, mai jin harsunan Turai fiye da ɗaya. Sun ɗauke shi aiki na kusan shekara biyu. A riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Bayan haka Ziegenbalg ya cika gidansa da magatakarda Tamilawa. Littafin Tamil na wancan zamani ba takarda ba ne. Ganyen wani icce ne ɗan'uwan giginya, a yanka shi dogo-dogo, a busar, a kanƙara rubutu a kai da tsinken ƙarfe, a goga baƙin gawayi da mai domin baƙaƙen su fito, sannan a huda ganyayen a zura igiya a ɗaure tsakanin katako biyu. Irin waɗannan ya riƙa aikawa a sayo masa daga nesa, har daga hannun matan da mazajensu malaman Brahmin suka mutu suka bar musu littattafai. A 1708 ya aika Turai da jerin abin da ya tara: littattafai 119 na mabiya Hindu da makamantansu, ban da na Katolika, da wasu 11 na Musulmin Tamil. Ke nan mutumin da za mu tuhuma ko mu wanke ba baƙon wannan ilimi ba ne.

Me ya sa mai irin wannan taska zai koma neman ilimi ta wasiƙa? Saboda ƙafarsa a ɗaure take. Ƙasar Denmak a wurin ba ta wuce garin da 'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi ba. Da ka tsallake iyaka ka shiga ƙasar sarkin Tanjabur, wadda a lokacin take hannun sarakunan Marata, kuma ba a yarda ɗan mishan ya yi yawo a cikinta ba. Ziegenbalg ya gwada sau ɗaya a 1709, ya juyo tun bai yi nisa ba. Manyan wuraren ibada da manyan malamai kuwa suna can ciki. Plütschau ya koma gida a 1711, aka bar Ziegenbalg da Johann Ernst Gründler, wanda ya iso a 1709. Su biyun nan ne suka riƙa tsara tambayoyi suna aikawa: mene ne Allah a wurinku, ina rai ke zuwa bayan mutuwa, yaya kuke aure, yaya kuke azumi, me ya raba mutane aji-aji bisa asalin haihuwa, me ya sa ba ku karɓi addinin Kirista ba.

Amsa ta farko ga tambayar su wa suka rubuta wasiƙun ita ce wadda littafin da kansa yake so mu ɗauka: mutane da yawa ne, a garuruwa daban-daban, kowa ya amsa abin da ya sani. Ba a rasa abin da ke goyon bayanta ba. Fannonin da wasiƙun suka taɓo suna da faɗi, daga tauhidin mabiya Shiba zuwa magani da taurari da al'adun gida, kuma ba kasafai mutum ɗaya ke riƙe duk wannan ba. An kuma san 'yan mishan ɗin suna da abokan muhawara da yawa, Brahmin da Musulmi da mawaƙa, waɗanda ke zuwa har gida. A babban littafin da Ziegenbalg ya kammala a 1713 kan nasabar allolin Tamilawa ma akwai guntayen wasiƙu birjik, yana kawo su a matsayin shaida. Saboda haka musayar wasiƙa ta faru, wannan kam ba a ja.

Inda na fara tantama shi ne wajen sauri da tsari. Kashin farko kusan dukansa an rubuta shi ne cikin watannin ƙarshe na 1712, wasiƙa na bin wasiƙa, wani lokaci kwanaki kaɗan tsakani. A ƙasar da saƙo ke tafiya da ƙafar ɗan aike, ƙasar da hulɗa da 'yan mishan ke iya jawo wa mutum fushin sarki, yaya mutane barkatai za su amsa a kan kari haka, kuma amsoshin su jeru kamar babi-babin littafi ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai in yi adalci: kamannin salo shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda duka sun bi ta hannun mai fassara ɗaya, kuma mai fassara kan shafe bambancin murya kamar yadda yaran nan ke shafe harafi a rairayi. Abin da zai raba gardama shi ne a ga ganyayen asali, a kwatanta hannu da hannu, a ji karin harshen kowane yanki. Ganyayen kuwa ba su iso gare mu ba. Jamusancin kawai muke da shi. Nan hanya ta farko ta toshe.

Amsa ta biyu ta fi ɗaci: 'yan mishan ne suka ƙirƙiri wasiƙun, suka sa wa Tamilawa magana a baki. Kada a yi saurin watsar da ita, domin zamanin ya dace da irin wannan zargi. Tun a shekarun 1680 Turai ke karanta wasiƙun wani ɗan leƙen asirin Turkiyya da ba a taɓa haifa ba, wanda wani marubuci ɗan Italiya ya ƙaga. A 1704, shekara biyu kacal kafin Ziegenbalg ya sauka Indiya, wani mutum mai kiran kansa George Psalmanazar ya buga littafi a Landan yana cewa shi ɗan tsibirin Formosa ne, ya ƙago harshe da baƙaƙe da addini, manyan mutane suka gaskata shi, daga baya ya amsa cewa ƙarya ce. A 1721 kuma wani marubuci, Montesquieu, ya fito da wasiƙun Farisawansa na ƙage. Ga dalili ma a fili: mishan ɗin na rayuwa ne da sadakar masu karanta rahotannin da Halle ta fara bugawa a 1710, kuma babu abin da zai buɗe aljihun mai bayarwa kamar ya ga waɗanda ake wa wa'azi suna amsawa cikin ladabi.

Duk da haka, da na auna wannan amsa sai na ga ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai ƙirƙira don neman sadaka zai rubuta mutanen da suka kusa sallamawa. Waɗannan kuwa, da aka tambaye su abin da ya hana su zama Kirista, sai suka zayyano laifin Kiristocin da suke gani a gabansu: suna yanka saniya su ci, suna shan barasa su yi maye, ba sa tsarki da ruwa bayan sun kewaya, ba sa kula da wanka kafin ibada, suna cuɗanya da kowa ba tare da kiyaye asali ba. Wasu suka ce Allah ɗaya ne, ya ba kowace al'umma hanyarta, wanda ya riƙe tasa da gaskiya zai tsira. Wannan magana ita ce ainihin abin da ɗan mishan ya haye teku don ya rushe. Sannan ga bayanan da aka jera a ƙarƙashin wasiƙun, inda mai fassara ke warware kalmomin Tamilanci ɗaya bayan ɗaya, yana fama da su kamar mai fama da abin da ba shi ya ƙera ba. Kuma Ziegenbalg ba shi da buƙatar ɓuya a bayan kowa: a 1711 ya riga ya rubuta babban littafi kan addinin da sunansa ƙarara. A ƙara da cewa gidan cike yake da magatakarda, gari kuma cike da jami'an kamfani masu neman abin da za su kama shi da shi. Ƙaryar da mutum goma suka sani ba ta daɗewa a rufe. Ni dai na ajiye wannan amsa, ko da yake na riƙe wani ɓangare nata da za mu buƙata can gaba.

Amsa ta uku ta zo ne a makare, daga ɗakin ajiyar takardun Halle. Wani manazarci Bajamushe, Kurt Liebau, wanda ya fitar da zaɓaɓɓun wasiƙun a sabon bugu a 1998, ya bi takardun mishan ɗin ya fito da abu biyu. Na ɗaya, aikin fassara da sharhi da aka daɗe ana jingina wa Ziegenbalg, mafi yawansa na Gründler ne. Na biyu, kaso mai tsoka na wasiƙun ya fito ne daga hannun mutum ɗaya, wato Aleppa, tsohon tafintan nan. Da na karanta haka sai abubuwan da suka dame ni suka fara zama daram. Saurin amsa ya sami bayani, haka ma tsarin. Ga mutumin da ya san abin da Bature ke nufi in ya yi tambaya, ya san yadda ake tsara amsa ta shiga kunnensa, yana zaune a wajen ƙasar Denmak inda 'yan mishan ba sa iya zuwa, kuma yana da hanyar shiga wurin malamai da wuraren ibada tunda bai bar addininsa ba.

Amma kada mu yi murna da wuri, domin wannan amsa ta buɗe wasu ƙofofin fiye da waɗanda ta rufe. Ko sunansa ma ta kunnen baƙo ya iso mana. "Aleppa" yadda Bajamushe ya ji ne. Masana na yanzu suna mayar da shi Alagappan, kuma hakan ya yi daidai da sunayen Tamilawa, amma gyara ne da aka yi daga baya. Labarin rabuwarsa da Tarangambadi ma bai zo da fuska ɗaya ba. Tsofaffin littattafan tarihin mishan sun fi son ruwayar da ke cewa sarkin Tanjabur ne ya sa aka kama shi aka sa masa mari, bisa zargin ya tona wa baƙi asirin addini. Binciken baya-bayan nan kuwa ya fi haska cewa hukumar Denmak ce ta kore shi daga garin. Babu abin da ya hana duka biyun faruwa a lokuta daban-daban. Sai dai ya kamata mu lura wace ruwaya ta fi yi wa wa daɗi. Ga mai rubuta wa masu ba da sadaka a Turai, sarkin da ba Kirista ba yana tsananta wa mai taimakon mishan labari ne mai shiga rai. Kiristoci 'yan'uwansu suna korar mutumin kuwa abin kunya ne, musamman da yake sarkin Denmak na cikin masu karatu.

Ga kuma tambayar da ta fi cin raina. In Aleppa ne ya rubuta, marubuci ne shi ko mai tattarawa? Tafinta ba lalle ya zama masanin tauhidi ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne ya karɓi tambaya, ya je wurin wanda ya sani, malamin wurin ibada ko mai magani ko masanin taurari, ya saurara, ya dawo ya kanƙara a ganye da kalmominsa. In haka ne, amsa ta farko da ta uku ba kishiyoyi ba ne: hannu ɗaya, bakuna da yawa. Harafin N ya rufe mutum guda, shi kuma mutumin ya rufe wasu da ko harafi ba su samu ba. Akwai kuma batun lada. Mishan na biyan masu yi mata aiki, mutumin da ya rasa gurbinsa a kamfani kuwa yana da buƙata, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya san masu tambayar sun fi ganin girman mai cewa Allah ɗaya ne, to ko ya ƙara wa wannan ɓangare gishiri? Mai yiwuwa. Amma aƙidar Ubangiji ɗaya maɗaukaki tana nan da ƙarfinta a littattafan mabiya Shiba na Tamil tun kafin a haifi Ziegenbalg, shi da kansa ya karanta ta a ganyayen da ya tara. Kuma wanda ke rubutu don faranta ran ubangidansa kawai ba zai gaya masa mutanensa mashaya ne marasa tsarki ba.

Akwai wani suna da kan faɗo a rai, Kanabadi Vathiar, mawaƙi, ɗan tsohon malamin makarantar nan. Ya yi wa mishan aiki, ya mayar da labaran Linjila waƙa, aka yi masa baftisma a 1709, daga baya ya koma Katolika, ƙarshe ya koma addinin iyayensa. Yana da ilimin da zai iya amsa irin tambayoyin. Sai dai muryar wasiƙun ta mutumin da ke tsaye a wajen coci ce. Na bi wannan sawu, bai kai ni ko'ina ba.

To, me ya sa aka cire sunayen, ko ma wane ne ya cire su? Bayani mafi kyautata zato shi ne kariya. In har hulɗa da 'yan mishan na iya kai mutum ga mari ko kora, ko ta sa danginsa su ƙaurace masa, ɓoye sunansa amana ce, kuma littafin da aka buga a Jamus yana iya dawowa Indiya a jirgin da ya kai shi. Bayani na biyu bai kai wannan daɗi ba: da an sa sunaye, da mai karatu ya ga suna ɗaya yana maimaituwa shafi bayan shafi, abin da aka nuna masa a matsayin muryar al'umma ya koma hirar mutum uku. Harafin N ya bar mai karatu ya ƙirga taron da ya ga dama, ba tare da kowa ya yi ƙarya a fili ba. Na uku shi ne rashin damuwa tsagwaro. Ga mai bugawa a Halle, Batamile misali ne na jinsinsa, sunansa bai fi sunan tsuntsun da aka zana a littafin matafiya amfani ba. Na kasa zaɓar ɗaya in yar da sauran. Dalili mai kyau da dalili mai amfani sukan kwana ɗaki ɗaya, wanda ya aikata ma ba lalle ya iya raba su ba.

Nan ne zan dawo da ɓangaren amsa ta biyu da na ce na riƙe. Ba a ƙirƙiri wasiƙun ba, amma an sarrafa su. Masu tambaya su suka zaɓi abin da za a yi magana a kai. Gründler ya zuba amsoshin cikin Jamusancin masu tsoron Allah na Halle, inda kalmar Tamilanci mai nata nauyi za ta koma "zunubi" ko "ceto" ko "alheri" da ma'anar coci. Sannan editocin Halle suka bi da almakashi kafin a kai maɗaba'a. Mun san kaifin almakashin nan daga abin da ya sami sauran ayyukan Ziegenbalg. Littafinsa na nasabar alloli Francke ya ƙi buga shi, bisa hujjar cewa an aika 'yan mishan ne su kawar da bautar gumaka a Indiya, ba su yaɗa tatsuniyoyinta a Turai ba. Bugun da aka san shi da shi bai fito ba sai 1867, a Madras, ta hannun Wilhelm Germann. Littafin 1711 kuwa ya kwanta har 1926, lokacin da Willem Caland ya buga shi a Amsterdam. Wasiƙun sun tsallake wannan shinge ne, a ganina, saboda sun nuna mishan na aiki, mutane na saurare suna amsawa. Abin da ya cece su daga akwati shi ne kuma ya sa dole mu karanta su da taka-tsantsan.

Taskar ganyayen da Ziegenbalg ya tara ma ba ta daɗe bayansa ba. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1719 yana da shekara 36, Gründler ya bi shi a shekarar da ta biyo baya. 'Yan mishan da suka gaje su sun ba da rahoton cewa mafi yawan littattafan sun salwanta. Ganye a ƙasa mai damina da gara ba ya jiran kowa, in ba a sake kwafe shi ba yakan zama gari. Cibiyar Francke a Halle tana riƙe da ɗaurin ganyayen Tamilanci masu yawa har yau, amma galibinsu rubuce-rubucen addinin Kirista ne da mishan ta samar. Abin da ta ga ya cancanci adanawa ke nan.

Wannan shiru bai tsaya kan wasiƙu ba. Ana cewa Ziegenbalg ya fassara Sabon Alkawari zuwa Tamilanci tsakanin Oktoban 1708 da Maris na 1711, aka buga shi kashi biyu a Tarangambadi a 1714 da 1715, kuma gaskiya ne shi ya jagoranci aikin. Amma mutumin da ya fara zana harafi a rairayi a 1706 bai kai ga wannan shi kaɗai cikin shekara biyar ba. Ya ari kalmomin addini daga littattafan Tamilanci na Katolika da suka riga shi, har kalmar da ya kira Allah da ita. Magatakarda na zaune gefensa suna rubutawa suna gyarawa. Da ya tafi Turai a 1714 ya tafi da wani yaro Batamile, Peter Maleiappen, domin kada harshen ya kuɓuce masa a jirgi, a tafiyar da ya rubuta nahawun Tamilanci da aka buga a Halle a 1716. Nawa ne nasa a cikin kowace jimla, nawa ne nasu? Shafin farko na littafi ba ya amsa irin wannan tambaya. Masana irin su Daniel Jeyaraj, wanda shi kansa Batamile ne, da Will Sweetman sun sake buga ayyukan nan daga rubutun hannu a shekarun baya-bayan nan, kuma duk bugun da ya fito yana ƙara nuna yawan hannayen Tamilawa da ke ciki.

Hukuncina, bayan duk wannan kai da komo: wasiƙun na gaske ne, Tamilawa suka rubuta su, amma marubutan ba su kai yawan da harafin N ya sa Turai ta zata ba, kuma babban kaso ya bi ta hannun Alagappan, ko daga kansa ko daga bakin waɗanda ya tambayo. Sauran sunayen sun tafi tare da ganyayen. A 2006, da aka cika shekara 300 da saukar Ziegenbalg, gwamnatin Indiya ta fitar da kan sarki mai hotonsa, kabarinsa kuma yana nan a cocin Sabuwar Urushalima da ya gina a 1718. Ina roƙon duk malami ko marubucin da zai ba da wannan tarihi, in ya ambaci Ziegenbalg da Gründler, ya ambaci Alagappan tare da su.